Tufafi da Tsiraici: Me Ya Sa Ɗan Adam Yake Rufe Jikinsa, kuma Yaya Al'ummu Suka Saɓa a Kai

  

A cikin duk halittun da ke tafiya a doron ƙasa, ɗan Adam kaɗai ne yake saƙa abu, ya ɗinka, ya ɗora a jikinsa, ya kuma ji nauyi idan aka gan shi ba tare da shi ba. Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce sanyi da rana ne suka sa shi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta isa ba, don kuwa akwai mutanen da suka zauna cikin ƙanƙara kusan tsirara, akwai kuma waɗanda suke tsakiyar Sahara a naɗe tun daga kai har ƙafa. Asalin lamarin kunya ce da mutunci. Iyakar abin da ake rufewa ita ce ta bambanta daga al'umma zuwa al'umma.

Kalmomin da kansu

Kalmar sutura daga Larabci muka samo ta, asalinta rufewa. Bahaushe ya ɗora mata aiki uku: tufar da ake sawa sutura ce, binne mamaci sutura ce, rufe asirin mutum ma sutura ce. Ita kuwa al'aura, a wurin Larabawa tana nufin kafa ko ɓaraka wadda ake tsoron cuta ta shigo ta nan. Da wannan ma'anar ta zo a Suratul Ahzabi, aya ta 13, inda munafukai suka nemi izinin barin fagen yaƙin Khandaƙ da hujjar gidajensu a buɗe suke ba kariya. Alƙur'ani yana kuma kiran tsiraici da sau'a, daga tushen kalmar da ke nufin abin da ke ɓata wa mutum rai, domin bayyanarsa tana ɓata ran mai shi.

Abin da Alƙur'ani ya faɗa

Farkon ambaton tufa a tarihin ɗan Adam tun a Aljanna ne. A Suratu Ɗaha, aya ta 118 da 119, Allah Ya yi wa Annabi Adamu (AS) alkawarin ba zai ji yunwa a cikinta ba, ba zai yi tsiraici ba, ba ƙishirwa, ba zafin hantsi. A lura da yadda aka jera tsiraici tare da yunwa. A Suratul A'arafi kuma, daga aya ta 20 zuwa 27, an nuna cewa manufar Shaiɗan ita ce ya bayyana musu abin da aka ɓoye na tsiraicinsu. Da suka ɗanɗani itaciyar, tsiraicin ya bayyana, nan take suka shiga liƙa ganyen Aljanna a jikinsu. Babu wanda ya umarce su, babu sanyi, babu kuma wani baƙo da ke kallonsu. Malamai sun kafa hujja da wannan a kan cewa rufe tsiraici fiɗira ce, wato ɗabi'ar da aka halicci mutum da ita. An ruwaito daga wasu magabata cewa ganyen ɓaure ne, haka ma yake a littafin Yahudu da Nasara.

Aya ta 26 a surar ta ambaci tufa iri uku: wadda ke rufe tsiraici, da ta ado, da tufar taƙawa wadda ta fi su alheri. Kalmar da aka yi amfani da ita ga ado ita ce ta gashin tsuntsu, wanda shi ne rigarsa, shi ne kuma kwalliyarsa. Saboda haka ado ba abin zargi ba ne. Aya ta 32 ma ta yi inkari ga mai haramta shi. Suratun Nahli ta kawo ɓangaren kariya: ɗumi daga dabbobi a aya ta 5, ulu da gashi a aya ta 80, riguna masu kare zafi da masu kare sara da suka a aya ta 81. Sai kuma tufa a matsayin alama, kamar yadda aya ta 59 a Ahzabi ta bayyana hikimar mayafi da cewa a gane mace, kada a cuce ta. Rawanin sarki, kakin soja da farar rigar likita duk sun shiga wannan babi na shaida.

Abin da masu binciken tarihi suka gano

Fata da zare suna ruɓewa, don haka masu tonon kufai ba su da tufar farko a hannu. Sai suka bi ta bayan gida. Hanya mafi ban mamaki ita ce ta kwarkwata. Kwarkwatar da ke zama a gashin kai daban take da wadda ke zama a ɗinkin riga, ita ta biyun kuma ba ta rayuwa sai da tufa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Fulorida ta Amurka, aka buga a 2011, ya ƙiyasta cewa jinsunan biyu sun rabu tsakanin shekara 83,000 da 170,000 da suka wuce. A wani kogo da ke gaɓar tekun Maroko an samu kayan aiki na ƙashi waɗanda ake jin na gyaran fata ne, aka ba su shekara 90,000 zuwa 120,000. Allurar ƙashi mai kafa ta bayyana a Saiberiya kimanin shekara 40,000 baya. Rigar saƙa mafi tsufa da ta saura ita ce wadda aka tono a Tarkhan ta ƙasar Masar, ta haura shekara 5,000, tana ajiye a wani gidan tarihi a Landan.

Waɗannan lissafai ƙiyasi ne, faɗin da ke tsakanin ƙaraminsu da babbansu ma ya isa shaida. Musulmi ba ya buƙatar ya yi faɗa da su, ba ya kuma gina aƙida a kansu. Suna ƙoƙarin amsa tambayar yaushe ne. Allurar ƙashi ba za ta gaya maka dalilin da ya sa yaro ɗan shekara bakwai yake ruga wa ɗaki idan baƙo ya tarar da shi yana wanka ba.

Su kansu masu nazarin al'adu sun lura cewa yanayi bai warware matsalar ba. Lokacin da Darwin ya isa ƙarshen kudancin Amurka ta Kudu a shekarun 1830, ya tarar da mutanen wurin cikin tsananin sanyi da ruwan ƙanƙara, ba komai a jikinsu sai ƴar fata a kafaɗa. Mu kuma ga Abzinawa a gabanmu. Ba'abzine yana naɗa rawani ya ja amawali ya rufe baki da hanci. Za a ce don ƙura da rana ne, to amma me ya sa yake ƙara jan sa sama idan surukinsa ya shigo, ko da a inuwa suke? Wannan kunya ce tsantsa.

Yadda al'ummu suka saɓa

Girkawan dā suna wasannin guje-guje da kokawa tsirara, har sunan filin motsa jikinsu daga kalmar tsirara aka ciro shi. Sun san maƙwabtansu na gabas suna ganin haka abin kunya ne, su kuma suna alfahari da shi. Amma maza ne kawai, kuma a filin wasa. Matar aure a birnin Atina a lulluɓe take fita. A Indiya har yau akwai wani ɓangare na masu bin addinin Jain da malamansu maza ke yawo ba tufa, suna ganin alamar rabuwa da duniya ce, haka wasu masu zuhudun Hindu a taron wankan kogi. Mabiyansu kuwa sanye suke da tufafi, kuma da ba don kowa na sawa ba, da tuɓewar malamin ba ta zama alamar komai ba.

A Japan maza da mata sun daɗe suna shiga gidan wanka ɗaya. Bayan jiragen ruwan Amurka sun iso a 1853, baƙi suka yi ta mamaki da suka, sai hukuma ta kafa doka a Tokiyo a 1872 ta hana fita tsirara da wankan gamayya. A Finlan akwai ɗakin gumi da suke kira sauna, ana shigarsa ba tufa, amma galibi maza daban mata daban, in ba iyali ɗaya ba. Jamus ce ta fi nisa: tun 1920 aka ware bakin teku na masu tsiraici a tsibirin Silt, al'adar ta yi ƙarfi a tsohuwar Jamus ta Gabas, kuma a wani babban lambu na birnin Munik akwai wuraren da aka yarda a kwanta shan rana tsirara. Faransa ma tana da irin wannan unguwa a gaɓar Bahar Rum.

Duk da haka, a wuraren nan ma akwai iyaka. An hana ƙura wa mutum ido, an hana ɗaukar hoto, kuma mutumin da ya yini a can tsirara ba ya zuwa kotu ko ofis haka. Dokar laifuka ta Faransa tana hukunta mai bayyana tsiraici da nufin batsa a bainar jama'a da ɗaurin shekara ɗaya da tarar yuro 15,000. Birnin San Faransisko, wanda ya yi suna da sakaci, ya hana yawo tsirara a titi a 2012. A tsaunukan Papuwa akwai ƙabilun da namiji ba ya sa komai sai ɗan kwanson duma da yake rufe gabansa, amma idan ya faɗi a cikin mutane kunya takan kama shi kamar wanda aka tuɓe wa wando. Gwamnatin Indonesiya ta yi yunƙurin tilasta musu gajeren wando a farkon shekarun 1970, abin bai yi nasara ba.

Abin da ya fito fili shi ne, al'ada tana iya faɗaɗa iyakar al'aura, tana iya matse ta har ta koma zare ɗaya a ƙugu, amma ba ta iya share ta. Shi ya sa Musulmi ba ya barin al'ada ta zama ita ce ma'auni, domin ma'aunin da ke sauyawa da sauyin gari ba ya hana komai.

Ɗawafi tsirara

Larabawan Jahiliyya ba mutanen tsiraici ba ne a rayuwarsu ta yau da kullum, amma sun shigar da shi cikin ibada. Ƙuraishawa da wasu ƙabilun da ke tare da su, waɗanda ake kira Humsu, sun shimfiɗa ƙa'idar cewa baƙo ba ya ɗawafi da tufar da ya saɓa wa Allah a cikinta. Ko ya samu aro daga ɗaya daga cikinsu, ko ya yi da tasa sannan ya jefar da ita ba mai sake taɓawa, ko ya yi tsirara. Matalauci dai shi ke tuɓewa. Mata kan jira dare. Imam Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa a kan haka aka saukar da aya ta 31 ta A'arafi, mai umarnin riƙon ado a kowane masallaci. A shekara ta 9 bayan Hijira, a hajjin da Sayyidina Abubakar ya jagoranta, aka yi shela a Mina cewa daga bana mai tsiraici ba zai ƙara kewaya Ɗakin Allah ba.

Annabi (SAW) an tsare shi daga wannan tun kafin aike. Bukhari ya kawo cewa lokacin ginin Ka'aba yana ɗaukar duwatsu, baffansa Abbas ya ba shi shawarar ya kwance gyautonsa ya yi gammo da shi a kafaɗa. Yana yin haka ya faɗi a some, ba a sake ganin sa tsirara ba. Shi ma Miswar ɗan Makhrama, yana yaro, gyautonsa ya kwance yana ɗauke da dutse mai nauyi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya koma ya ɗauki tufarsa, ya kuma hana tafiya tsirara.

A ƙasashenmu

Shigar Musulunci ƙasar Sudan ba ta rufe jikin kowa a rana ɗaya ba. Ibn Baɗɗuɗa ya ziyarci Mali a 1352 zuwa 1353, ya yabi mutanen da tsare salla da sa fararen kaya ranar Juma'a da haddar Alƙur'ani, amma ya soki yadda kuyangi da ƴan mata ke shiga fadar Mansa Sulaimanu ba sutura, har cikin Ramadan. Bayan kusan shekara 150, a cikin tambayoyin da Askiya Muhammadu ya yi wa Shaihu Magili akwai batun ƴan matan Jenne da ba sa rufe jiki sai sun yi aure, Shaihin kuma ya lissafa shi cikin munkaran da ya wajaba sarki ya kawar. Ashe gyara ya ɗauki ƙarnuka, da wa'azi da karatu, da kuma samuwar tufar kanta. Masaƙa da marina da fatake suna da kaso a wannan lada. Baturen nan Barth da ya shiga Kano a 1851 ya ga yadda kayan saƙarta ke kaiwa Tambutu da Gat har Tarabulus.

A arewacin Gana, bayan samun ƴancin kai, an yi gangamin yaƙi da tsiraici tun daga ƙarshen shekarun 1950, Hannah Kudjoe na kan gaba, ana raba tufafi a ƙauyuka. A duwatsun Alantika da ke kan iyakar Kamaru da Najeriya, mutanen Koma sun ci gaba da ɗaura ganye har zuwa wannan zamani. Wanda ya raina su ya tuna kakanninsa da warki da bante.

Akwai abin dariya mai zafi a nan. Turawan mulkin mallaka sun kafa hujja da tsiraicin wasu ƙabilu don su ce baƙar fata bai waye ba, suna ɗaukar hotunan matanmu suna aikawa gida. Yau a Faransa mai rufe jiki ce ake tuhuma: dokar 2004 ta hana ɗankwali a makarantun gwamnati, ta 2010 ta hana rufe fuska a waje, a 2016 kuma wasu garuruwa suka hana kayan ninƙaya masu rufe jiki, sai da babbar kotun gudanarwa ta dakatar da hanin. Jiya rashin tufa ne ƙauyanci, yau yawanta ne.

Tuɓewa da tuɓe wani

Wata hujjar da ke nuna nauyin tsiraici ita ce yadda ake mayar da shi makami. A wurare da dama na Afirka, idan dattijuwa ta kwance zanenta a gaban namiji, tsinuwa ce. Iyayen fursunonin siyasa sun yi haka a gaban ƴan sanda a Nairobi a 1992, kuma a Akara a 2003 jagorar matan Laberiya, Leymah Gbowee, ta yi barazanar tuɓewa don ta hana masu sasanta yaƙi fita daga zauren. Shari'a ba ta yarda da wannan hanya ba ko da zalunci ya yi yawa, amma tasirinta ya nuna abin da ke cikin zukata. Ta ɗaya gefen, azzalumi idan yana so ya karya mutum, tufarsa yake fara cirewa. Hotunan kurkukun Abu Guraib na Iraƙi a 2004 ba su gushe daga idon duniya ba.

Nan ne nake so ƴan'uwa su tsaya. A kasuwanninmu akan kama wanda ake zargi da sata, a yi masa zigidir, matasa su ciro wayoyi, kafin la'asar hoton ya zaga WhatsApp. Akan tare yarinya don ta sa matsattsun kaya, a yayyaga su wai ana hana ɓarna. Wanda ya yi haka ya ƙara tsiraici ne, bai rage ba, ya kuma aikata aikin da Alƙur'ani ya jingina wa Shaiɗan, wato cire wa mutum tufarsa. Babu wani hukunci a Shari'a da ya ƙunshi bayyana al'aurar mai laifi, ko a gaban alƙali, balle a hannun ƴan tasha. Mai turawa da mai buɗewa ya kalla duk suna da rabonsu na zunubi.

Dubi yadda Annabi (SAW) ya yi da ya ga tsiraicin talauci. Wasu mutanen Mudar sun zo Madina ba takalmi, ba tufa sai ɗan bargon ulu da suka huda suka rataya. Fuskarsa ta sauya, ya sa aka yi kiran salla, ya yi huɗuba, mutane suka yi ta kawowa har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi. Kaffarar rantsuwa ma, a Suratul Ma'ida aya ta 89, ɗaya daga zaɓinta tufatar da miskinai 10 ne. Mai taɓin hankalin da ke yawo tsirara a unguwa, da almajirin da wandonsa ya yage lokacin hunturu, haƙƙinsu yana wuyan masu ganinsu.

Iyakar al'aura a mazhabar Malikiyya

Al'aurar namiji ita ce tsakanin cibiya da gwiwa. Game da cinya akwai saɓani saboda hadisai sun zo ta fuska biyu. Bukhari ya nuna cewa hadisin buɗewa ya fi ƙarfin isnadi, na rufewa kuma ya fi zama rigakafi. Ƴan kokawa da ƴan ƙwallo su riƙi na biyun, tsawaita wando bai taɓa kayar da kowa ba. Mace a gaban ajnabi dukkan jikinta ne ban da fuska da tafukan hannu. A gaban muharraminta tana iya buɗe kai da wuya da hannaye da ƙafafu. Tsakanin mata kuwa cibiya zuwa gwiwa ne, abin da ake yawan sakaci da shi a gidan biki da rafi. Tsakanin miji da mata babu al'aura.

A salla malamanmu sun kasa ta biyu, mai kauri da mai sauƙi. Wanda ya yi salla mai kaurin a buɗe alhali yana da iko, zai sake ta ko bayan fitar lokaci. Macen da ta yi salla gashinta ko ƙirjinta a buɗe za ta sake matuƙar lokaci bai fita ba. Wanda bai samu komai ba zai yi sallarsa tsirara, ba ya jinkirta ta har ta wuce. Shaihu Khalil ya kai ga bayanin jama'ar da aka yi wa fashi gaba ɗaya: in cikin duhu suke su yi kamar masu tufa, in ba haka ba su rarrabu, in hakan bai yiwu ba su yi a tsaye idanu a runtse, limaminsu a tsakiyar sahu.

Wanka tsirara a keɓe ya halatta, Bukhari ya kafa hujja da ƙissar Annabi Musa da ta Annabi Ayyuba (AS), ko da yake suturtuwa ta fi, don hadisin Bahzu ɗan Hakimu ya nuna Allah ne mafi cancantar a ji kunyarSa. Likita da ungozoma suna duba gwargwadon larura, a fara neman jinsi ɗaya idan akwai. Yara a koya musu neman izini a lokuta uku da aya ta 58 ta Suratun Nur ta ambata: kafin asuba, da lokacin ƙailula, da bayan isha'i.

Hukuncin ba ya faɗuwa da mutuwa. Mai wankan gawa yana rufe tsakanin cibiya da gwiwa, ya naɗe hannunsa da ƙyalle ya wanke ta ƙarƙashin mayafi, kada kuma a bar kowa a ɗakin sai mai taimako. Idan likkafani ya gaza, a yi yadda aka yi wa Mus'abu ɗan Umairu ranar Uhudu: bargonsa bai kai ba, in an rufe kai ƙafafu su fito, in an rufe ƙafafu kai ya fito, sai Annabi (SAW) ya ce a rufe kan, a sa ciyawar izkhir a kan ƙafafun.

Allah ne Mafi sani.